Wa Zai Gaji Mai Kamfani? Yadda Ake Sayar wa Ma'aikata Wurin Aikinsu a Birtaniya



Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wata matsala wadda ba ta cika samun kulawa ba a darussan tattalin arziki, watau abin da ke faruwa da ƙaramin kamfani ran da mai shi ya tsufa, ko ya gaji, ko ya rasu. An yi rubuce-rubuce da yawa a kan yadda ake kafa sana'a da yadda ake neman jari, amma yadda mutum zai fita daga cikin abin da ya kafa ba tare da ya rushe shi ba, wannan an bar shi kamar ba abin magana ba ne. Alhali kuwa ba mai kamfanin kaɗai abin ya shafa ba. In wurin yana da ma'aikata ashirin, to, gida ashirin ne ake ɗora tukunya kullum da abin da ke fitowa daga cikinsa, kuma shawarar da mutum ɗaya zai yanke shi da lauyansa ita ce za ta nuna ko tukwanen nan za su ci gaba da hawa murhu.

Za a ɗauki ƙasar Birtaniya a matsayin misali, domin a can aka yi wa al'amarin doka ta musamman a 2014, an kuma sami isassun shekaru da za a iya ganin inda dokar ta yi amfani da inda ta yi rauni. Za a leƙa Amurka kaɗan don kwatance.

Ƙofofin fita

Bisa al'ada, mai ƙaramin kamfani ƙofa uku gare shi. Ta farko ita ce ya bar wa 'ya'yansa. Ita zuciya ta fi so, amma sau da yawa da kuɗin sana'ar aka yi wa 'ya'yan karatu, karatun kuma ya raba su da ita. Ɗan mai maɗaba'a ya zama likita, 'yar mai gidan burodi ta zama lauya, ba wanda ke sha'awar tashi da asuba ya duba tanda. Ta biyu ita ce ya sayar wa wani kamfani babba, galibi abokin gasarsa. A nan kuɗi suka fi tsoka, amma mai sayen ba mutanen yake so ba, sunan yake so da masu cinikin. Da zarar ciniki ya faɗa sai ya ga ba shi da bukatar akawu biyu da ma'aji biyu da sito biyu, kafin shekara ta kewayo an sallami da yawa daga cikin waɗanda suka gina wurin. Ta uku ita ce a rufe, a yi gwanjon injuna da kujeru, kowa ya kama gabansa. Wannan ita ce mafi asara, domin abin da ya fi daraja a ƙaramin kamfani, watau amincin da ke tsakaninsa da masu hulɗa da shi, ba ya shiga gwanjo.

Akwai wadda ake gani kamar ƙofa ta huɗu, watau manajoji biyu ko uku su ci bashi su saye. Amma wannan ɗage matsalar kawai take yi zuwa ran da su ma furfura za ta kama su. Hanyar da wannan lacca ta sa a gaba dabam ce: a sayar wa ma'aikata dukkansu, tun daga manaja har mai shara, ba tare da ko ɗayansu ya cire kwabo daga aljihunsa ba.

Amana

Kafin a shiga cikin zancen, ya kamata a tsaya a kan kalma ɗaya. Shari'ar Ingila tana da wani tsohon tsari inda mutum zai danƙa dukiya ga wasu mutane su riƙe ta da sunansu, amma don amfanin wasu dabam, bisa sharuɗɗan da ya rubuta. Masu fassara sun sha wahala wajen nema masa suna, alhali Hausa ba ta rasa kalmar ba, ita ce amana. Saboda haka a wannan lacca za a kira tsarin asusun amana, masu riƙe da shi kuwa amintattu. Kalmar ta ma fi ta Turancin nauyi, domin duk Bahaushe ya san abin da ake nufi da cin amana, kuma kamar yadda za a gani nan gaba, a nan ne haɗarin tsarin yake.

Wanda ya fara amfani da asusun amana ta wannan fuska har ya yi suna shi ne John Spedan Lewis. Mahaifinsa, John Lewis, ya buɗe kantin sayar da yadi a titin Oxford na birnin Landan a 1864. Tsohon ɗan kasuwa ne na gaske, mai tsare gaskiya a ciniki, amma mai matse hannu ga ma'aikata. Da Spedan ya shiga harkar yana saurayi, sai ya duba littattafan kuɗi ya tarar abin da shi da mahaifinsa da ƙanensa Oswald suke samu, su uku kacal, ya kai abin da ake biyan dukkan ma'aikatan kantin a haɗe. A 1909 ya faɗo daga kan doki ya ji mummunan rauni, ya yi doguwar jinya, a cikin jinyar nan ne kuma ya tsara abin da zai shafe sauran rayuwarsa yana aiwatarwa. A 1914 mahaifin ya sakar masa ragamar wani kantin nasu, Peter Jones, wanda ba ya kawo riba. Spedan ya rage wa ma'aikata sa'o'in aiki, ya kafa musu majalisa, ya buɗe jaridar cikin gida a 1918 inda kowane ma'aikaci zai iya rubuta kukansa ba tare da ya sa suna ba, kuma tilas shugabanni su ba da amsa a rubuce. A 1920 aka fara raba riba. Uban ya ɗauki duk wannan a matsayin wauta, suka yi ta saɓani.

Tsohon ya rasu a 1928. A 1929 Spedan ya zuba hannayen jarinsa cikin asusun amana don amfanin ma'aikata. Abin lura a nan, wanda masu ba da labarin sukan tsallake, shi ne ba kyauta ya yi ba. Sayarwa ya yi, a kan kimanin fam miliyan ɗaya, amma bashi, ba ruwa a kai, a riƙa biyansa sannu a hankali daga ribar kamfanin. Sa'an nan bai saki iko ba sai a 1950, sa'ad da ya yi takardar amana ta biyu, ya kuma sauka daga shugabanci a 1955. Watau shekara 21 tsakanin sakin dukiya da sakin linzami. Ko bayan nan ma bai daina sukar waɗanda suka gaje shi ba har ya rasu a 1963. Wannan ba abin dariya ba ne, hali ne na kusan duk wanda ya kafa wani abu da guminsa, kuma duk mai shirin bin wannan hanya ya kamata ya san shi ma zai ji irin wannan zafin.

Kamfanin John Lewis ya girma har ma'aikatansa suka kai wajen 70,000 a 2024, saboda haka ya daɗe da fita daga sahun ƙananan kamfanoni. An kawo shi ne domin dabarar da Spedan ya yi a 1929, a sayar bashi, riba ta biya, amintattu su riƙe, ita ce ainihin abin da doka ta zo ta sauƙaƙe wa ƙananan bayan shekara 85.

Dokar 2014

A 2012 gwamnatin haɗin gambiza ta lokacin ta ɗora wa wani lauya, Graeme Nuttall, aikin binciko abin da ke hana irin wannan tsari yaɗuwa. Ya miƙa rahotonsa a cikin wannan shekara, kuma daga cikinsa aka samo tanadin da ya shiga dokar kuɗi ta 2014. Dokar ba ta tilasta wa kowa kome ba. Kwaɗaitarwa ta yi ta hanyar haraji. A Birtaniya in mutum ya sayar da kamfaninsa, gwamnati tana karɓar haraji a kan ribar da ya ci, watau bambancin da ke tsakanin abin da ya zuba tun farko da abin da ya karɓa. Dokar 2014 ta ce in ga asusun amanar ma'aikata ya sayar, an yafe masa wannan haraji gaba ɗaya. Har ila yau ta yarda kamfanin da ke hannun irin wannan asusu ya ba kowane ma'aikaci kuɗin rabon riba har fam 3,600 a shekara ba tare da an cire harajin albashi a ciki ba.

Sharuɗɗan ba su da yawa, amma kowannensu rami yake toshewa. Tilas kamfanin ya zama mai gudanar da sana'a ta haƙiƙa, ba wanda ke zaune yana karɓar kuɗin haya ba. Tilas asusun ya mallaki fiye da rabin hannayen jari da fiye da rabin ƙuri'u, don kada mai gida ya saki ɗan gutsure ya ci moriyar haraji alhali wuƙa da nama suna hannunsa. Tilas amfanin ya game dukkan ma'aikata bisa ma'auni ɗaya. An yarda a jinkirta wa sabon ɗauka har wata 12, an kuma yarda rabo ya bambanta gwargwadon albashi ko daɗewa a aiki ko yawan sa'o'i, amma ba a yarda a zaɓi 'yan gaban goshi a fifita su ba. Sharaɗin ƙarshe shi ne ya fi shafar ƙananan wurare: tsoffin masu kamfanin da ke ci gaba da aiki a ciki, su da danginsu, kada yawansu ya wuce biyu bisa biyar na ma'aikata. Saboda haka shagon da miji da mata da ɗansu ke gudanarwa da yara biyu ba ya cikin lissafi, kuma hakan daidai ne, domin in ba haka ba iyali za su sayar wa kansu da kansu su tsere wa haraji.

Mutane da yawa sukan ɗauka cewa da zarar an yi haka masinja ya zama manaja. Ba haka ba ne. Ba wani ma'aikaci da ke riƙe da takardar hannun jari da sunansa, ba kuma abin da zai sayar ko ya tafi da shi in ya bar aiki. Daraktoci suna nan suna gudanar da aiki, suna ɗauka suna kora. Abin da ya sauya shi ne wanda daraktocin ke ba bahasi. A da mai gida ne, yanzu amintattu ne, waɗanda galibi akan haɗa su daga wakilin da ma'aikata suka zaɓa, da wani daga cikin daraktoci, da wani mutum na waje wanda ba ya da wata maslaha a wurin.

Lissafin kuɗin

Tambayar da ɗalibin lissafi zai fara yi ita ce, asusun da aka kafa jiya, ba shi da ko sisi, da me zai sayi kamfani? Amsar ita ce da ribar kamfanin kansa. A ƙaddara wata maɗaba'a mai ma'aikata 20, wadda ke cin ribar fam 200,000 a shekara. Masu ƙiyasi sun yi mata kuɗi fam 1,000,000. Tana da ajiyar fam 200,000 a banki wadda ba ta bukata nan kusa, sai a ba asusun, asusun ya miƙa wa mai gida a matsayin kafin alƙalami. Saura fam 800,000 ya zama bashi, a biya fam 100,000 kowace shekara har shekara takwas. A bar maganar haraji gefe don sauƙin lissafi.

To, a duba abin da ya rage. Daga ribar fam 200,000 an cire 100,000 na mai gida. In aka ce kowane ma'aikaci a ba shi cikakken rabonsa na fam 3,600, wannan fam 72,000 ke nan. Abin da ya saura don sayen sabon inji da gyaran rufi da tanadin ranar wahala fam 28,000 ne kacal, wanda bai isa kome ba. Saboda haka a shekarun farko dole wani ya yi haƙuri, kuma galibi ma'aikata ne. An gaya musu sun zama masu kamfani, amma aljihunsu bai shaida ba. In ba a yi musu bayani tun farko ba, cewa shekara takwas ɗin nan saye suke yi da guminsu, to murnar ranar biki ba za ta wuce wata shida ba.

Shi ma mai gida ba a kan tudun mun tsira yake ba. Da abokin gasa ya sayar wa, da ya karɓi yawancin kuɗinsa ya yi gaba. A nan kuwa ya zama mai bin bashi, wanda zai biya shi kuma kamfanin da ya bar wa wasu ne. In wani babban mai ba da kwangila ya janye, riba ta faɗo zuwa fam 90,000, kuɗin shekarar nan ba za su fito ba, kuma in kamfanin ya durƙushe, banki ne zai fara ɗiba kafin a zo kansa. Wannan haɗari yana da wani amfani ɓoyayye, domin shi ke sa mai gida ya tsaya ya horar da magajinsa da gaske. A ƙaramin kamfani rabin dukiyar a cikin kan mutum ɗaya take: shi ya san wane mai ciniki ne ke biya a makare amma ba ya cin bashi, shi manajan banki ya sani, shi ke jin ƙarar inji ya gane abin da ke damunsa. In ba a kwashe wannan sani an zuba wa wasu ba kafin ya tafi, abin da ma'aikata suka saya fanko ne.

Waɗanda suka bi hanyar

Julian Richer ya buɗe shagon sayar da kayan sauti kusa da gadar Landan a 1978 yana ɗan shekara 19. A 2019, da ya cika shekara 60, kamfaninsa Richer Sounds yana da shaguna 53 da ma'aikata fiye da 500, shi kuwa ba shi da ɗa. Mahaifinsa yana da shekara 60 ya rasu, wannan kuma ya tsaya masa a rai. Ya sayar wa asusun amana kashi 60 cikin ɗari. Daga fam miliyan 9.2 da aka fara biyansa ya mayar wa ma'aikata fam miliyan 3.5, kowa fam 1,000 a kan kowace shekarar da ya yi yana aiki. Da wannan ya magance matsalar da aka ambata ɗazu, ta mai kamfanin da aljihunsa bai shaida ba. A 2018 Peter Lord da David Sproxton, masu kamfanin fim ɗin 'yartsana na Aardman a Biristol, sun miƙa kashi 75 cikin ɗari, don gudun kada wani babban kamfanin fim ya haɗiye su. A wannan shekarar dai Guy Singh-Watson, manomin kayan lambu a yankin Debon, ya miƙa kashi 74 na kamfaninsa Riverford, ya kuma sayar da ragowar nasa a 2023. Waɗannan su ne suka shiga jarida. Mafi yawan sauran, waɗanda adadinsu ya haura 1,000 a 2022, ofisoshin masu zanen gine-gine ne da injiniyoyi da 'yan kwangila da ƙananan masana'antu waɗanda ba a san su ba sai a garuruwansu.

Inda abin ke ɓaci

Mallakar ma'aikata ba laya ba ce. Masana'antar takarda ta Tullis Russell a Sikotilan ta koma hannun ma'aikatanta a 1994, an kuma daɗe ana kafa misali da ita, amma da kasuwar takarda ta lalace, kuɗin kayan aiki suka hau, sai sashenta na yin takarda ya durƙushe a 2015, mutum fiye da 300 suka rasa aiki nan take. Shi kansa John Lewis bai raba ko kwabo ba a 2021, karo na farko tun 1953. A 2023 kuma aka ji shugabanninsa suna tunanin sayar wa 'yan waje wani yanki don samun jari, aka yi ta ce-ce-ku-ce har aka bar maganar. Wannan ya tona wani rauni na asali: kamfanin da ke hannun asusun amana ɗungum ba shi da hanyar samun sabon jari sai riba ko bashi.

Ya kamata kuma a bambanta tsakanin miƙa lafiyayyen kamfani da jefa wa ma'aikata wanda ke gargara. A 1975 gwamnatin Leba, da ƙoƙarin minista Tony Benn, ta tallafa wa ma'aikatan masana'antar babur ta Triumph a Meriden suka karɓi wurin bayan masu shi sun yi niyyar rufewa. Sun yi ta faɗi-tashi har 1983 sa'an nan suka rufe. Jaridar Scottish Daily News, wadda aka kafa ta irin wannan hanya a 1975, wata shida kawai ta yi. Waɗannan sun daɗe suna ɓata wa tsarin suna, alhali ciwon ya riga maganin zuwa.

Haɗari mafi muni shi ne wanda kalmar amana ta yi nuni da shi. A ƙarƙashin dokar 2014 kamar yadda aka fara rubuta ta, ba abin da ya hana mai sayarwa ya naɗa kansa da matarsa amintattu. Ya zama shi ne mai sayarwa, shi ne mai saye, shi ne mai yanke farashi, an ba kura ajiyar nama ke nan. Zai iya tsawwala kuɗi, ya ɗora wa kamfani bashin da zai shekara goma sha yana biya, ya tafi da nasa ba haraji. Gwamnati ta farga, daga 30 ga Oktoba 2024 aka hana tsoffin masu kamfani rinjaye a cikin amintattu, aka wajabta wa amintattu su tabbatar farashin bai wuce darajar kasuwa ba, aka ce kuma tilas su kasance mazauna Birtaniya. An kuma tsawaita lokacin da hukuma za ta iya komowa ta karɓi harajinta daga mai sayarwa in an karya sharaɗi, daga shekara ɗaya zuwa huɗu. Sa'an nan a watan Nuwamba 2025, da baitulmali ya ga abin da yake yafewa ya zarce abin da aka zata nesa ba kusa ba, sai aka rage yafiyar daga duka zuwa rabi. Shekaru masu zuwa ne za su rarrabe waɗanda suka shigo don ma'aikata da waɗanda suka shigo don haraji.

Amurka

Amurkawa sun riga Birtaniya yin doka, amma tafarkinsu dabam ne. Wani lauya, Louis Kelso, shi ya tsara wa ma'aikatan wani kamfanin jaridu a Kalifoniya yadda suka saye shi a 1956, kuma da taimakon Sanata Russell Long tsarin ya shiga dokar fansho ta 1974. A can kowane ma'aikaci yana da nasa kason a rubuce, in ya yi ritaya kamfani ya saye shi daga hannunsa. Wannan ya fi sa wa mutum jin cewa abin nasa ne, amma yana ɗora wa kamfani nauyin tanadin kuɗin sallamar duk mai fita, ga kuma tsadar ƙiyasi kowace shekara, abin da ya sa wurare 'yan ƙanana ba su cika iya ɗauka ba. Bob Moore, mai kamfanin niƙan hatsi na Bob's Red Mill a Jihar Oregon, ya bi wannan hanya ran da ya cika shekara 81 a 2010, kamfanin ya zama na ma'aikata ɗungum a 2020, shi kuwa ya rasu a 2024 ba tare da wurin ya girgiza ba. Amma a can ne kuma aka ga mafi munin misali. A 2007 attajiri Sam Zell ya yi amfani da asusun ma'aikata ya karɓe kamfanin jaridu na Tribune, aka lafta wa kamfanin bashin wajen dala biliyan 13, cikin shekara ɗaya ya karye. Sunan mallaka na ma'aikata, iko na wani: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya shafi gida

Mai sauraro zai iya cewa wannan duk zancen Turai ne. Dokar tasu ce, amma matsalar ba baƙuwa ba ce a Kano ko Katsina ko Maraɗi. Kowa ya san gidan kasuwancin da ya shahara a zamanin mai shi, da ya rasu aka raba gado, wannan ya ɗauki mota, wancan ya ɗauki sito, waccan ta ɗauki kanti, yaran gida da suka shekara ashirin suna hidima suka watse. Ba laifin rabon gado ba ne, haƙƙi ne da aka ba masu shi. Laifin na rashin shiri ne, domin sana'a ba ta rabuwa kamar yadda kuɗi ke rabuwa. Al'adar kasuwancin Hausa tana da nata maganin, watau ubangida ya sallami yaronsa da jari ya je ya kafa nasa, amma wannan sabon reshe yake fitarwa, ba ya raya uwar bishiyar.

A nan ne dabarar Spedan Lewis ta cancanci malaman fiƙihu da lauyoyi su zauna a kanta. Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kyautar da aka yi a ciwon ajali ma hukuncinta ke nan, saboda haka attajiri ba zai iya barin kamfaninsa ga yaransa bayan ransa ba. Amma sayarwa yana da lafiyarsa, a kan farashin gaskiya, a biya kashi-kashi ba ruwa, ciniki ne sananne. In ya rasu kafin a gama biya, ragowar bashin ya shiga cikin abin da ya bari, magada su raba kuɗi maimakon su raba injuna. Riƙon dukiya don amfanin wasu ma ba baƙo ba ne ga wanda ya san wakafi, ko da yake shi wakafi sadaka ne, ba a biyan mai shi.

Nijeriya ta taɓa gwada wani abu mai kama da wannan daga sama, sa'ad da dokar mayar da kamfanonin baƙi hannun 'yan ƙasa ta 1977 ta ce a keɓe wa ma'aikata kashi 10 cikin ɗari na hannayen jari. Kashi goma ba ya ba kowa iko, kuma ba batun magaji aka yi dokar dominsa ba. Babban cikas ma ba na doka ba ne. Tsarin Birtaniya ya ginu ne a kan kamfani mai rajista, mai hannayen jari, mai littattafan kuɗi na shekaru waɗanda mai binciken kuɗi ya duba ya sa hannu. Inda aljihun mai gida da akwatin kanti abu ɗaya ne, inda kuɗin cefane da kuɗin sari daga wuri ɗaya suke fita ba a rubuta ba, ba mai ƙiyasin da zai iya cewa ga darajar wurin, amintattu kuma ba su da abin da za su riƙe. Ma'aikatan hukuma da ke kula da ciniki da jam'iyyun gama kai, waɗanda wasunsu ke zaune a wannan zaure, daga nan aikinsu zai fara, watau daga rajista da littafin shiga da fita, shekaru kafin mai gida ya fara tunanin hutawa.